Lamba 34: littafin garejinmu, kakar tseren 2025

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Auta ce ta ɗora mini wannan aiki. Ta ce duk gidan nan ba wanda ya kai ni saurin manta abin da bai yi mini daɗi ba, don haka in riƙa rubutawa tun da zafinsa. Ita tana da nata littafin, na lambobi zalla. Wannan na surutu ne.

Ɗazu muka tashi daga kallon tseren buɗe kakar NASCAR, babbar hukumar tseren motoci ta nan Amurka, a talabijin. A Bowman Gray aka yi shi, can Winston-Salem, tafiyar kamar minti 40 daga gidanmu na Greensboro, amma tikiti ya ƙare tun muna shawara. Chase Elliott ne ya ci. Filin rubu'in mil ne, kwalta aka zagaye filin ƙwallo da ita, a shimfiɗe kamar tabarma. Tun 1949 NASCAR ke tsere a wurin, ko da yake manyan motocinta rabonsu da shi tun 1971. A can ne bara, wani daren Asabar, cutar ta kama babban yarona. Ba manyan motocin ne suka ɗauke masa hankali ba, ƙananan ne masu silinda huɗu, irin waɗanda nake kwance wa ciki kullum a wurin aiki. Ya ce, "Baba, wannan ai za mu iya." Na ce masa ya ci gyaɗarsa.

Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba ko a takarda. Direba zan riƙa ce masa a nan. Shekararsa 19, Auta 16. Sai ƙanena, Baffan yara, mai walda. Sai Uwargida, wadda har yau ba ta ce ta yarda ba, ta dai daina cewa a'a.

Motar tana gareji tun watan jiya. Chevrolet Cavalier ce ta 2003, injin lita 2.2, tayoyin gaba ke janta, dala 900 muka biya. Cikinta warin kare. Ni daga Maradi na tafi Kano koyon kanikanci ina saurayi, na ci ƙurar Ƙofar Ruwa wajen neman kayan gyara, shekara 30 ke nan hannuna cikin baƙin mai. Ban ga abin da wannan 'yar mota za ta koya mini ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun yi mata tsirara. Kujeru, darduma, rufin ciki, jakunkunan iska, fitilu, gilasai, duk sun fita. Abin da ya fi cin rai shi ne kwaltar da ake manna wa a ƙasan mota don rage ƙara. Baffa ya kawo busasshiyar ƙanƙara ya zuba a kai, aka bar ta ta daskare, sai ga ta tana ɓarewa kamar ƙanzo a tukunya.

Auta ta bugo littafin dokokin filin da za mu shiga, shafi tara, ta ja layi da jan biro. Ba Bowman Gray ba ne, wani ƙaramin fili ne a ƙauye, zagayensa mita 600 da 'yan kai, kwanoninsa a jirkice. Rukunin da muka zaɓa shi ne mafi arha: inji yadda kamfani ya yi shi, ba ƙari ba ragi, tayoyin titi na kowa da kowa. Na karanta na ce to ina wurin gwanintar bakanike a nan? Auta ta ce, "Baba, shafi na shida." Maganar tayoyi ce da yadda za su tsaya. Na wuce shi.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya rage mana gudu. Tun da aka tura agogo gaba ranar Lahadi sai bakwai ta gota da kusan rabi ake shan ruwa, don haka aikin gareji sai bayan asham.

Baffa ya gama kejin ƙarfe daren jiya. Bututu mai kaurin inci 1.75, ginshiƙai huɗu, sanduna huɗu a ƙofar direba, an lanƙwasa su waje don su ba jiki wuri. Kowace ƙafar keji a kan farantin ƙarfe take zaune, ba a kan gwangwanin ƙasan mota ba. Wurin da ya fi ba shi wuya shi ne saman mahaɗar da ke manne da rufi, inda hannu ba ya shiga. Wasu sukan bar wurin ba walda tunda ido ba ya gani. Baffa ya huda ƙasan motar, ya sauke kejin gaba ɗaya, ya zagaye kowace mahaɗa da wuta, sannan ya ɗaga ya mayar. Kwana biyu wannan kawai ya ci. Da na yi ƙorafi ya ce, "Yaya, ɗanka ne za a sa a ciki."

Kayan jikin direba sun fi motar tsada. Hular kwano, riga da safar hannu masu jure wuta, bel mai maɗauri biyar, raga a taga, da takunkumin wuya da ke riƙe kai idan an yi karo. Kan takunkumin nan na so in ja, sai Direba ya tuna mini cewa karayar gindin ƙoƙon kai ce ta kashe shahararren direban tsere Dale Earnhardt a Daytona ranar 18 ga Fabrairu, 2001, kuma kafin shekarar ta fita NASCAR ta wajabta shi. Uwargida tana bakin ƙofa da kofin kunu, ta ji komai. Da safe na tarar da kuɗin a kan sitiyari, cikin ambulan ɗin adashinta.

Lahadi, 30 ga Maris

Barka da sallah. Bayan idi 'yan uwa 'yan Nijar sun cika gidan, kuma kowa sai ya leƙa gareji. Wani dattijo ya ce wasa da rai ne. Wani ya ce sukuwa ce ta Turawa, ya tambaya ko akwai kuɗi a ciki. Na ce akwai, daga aljihunmu zuwa nasu.

Mun shafa mata fenti ruwan goro da fari. Lamba 34 Auta ta zaɓa, ta ce za ta faɗi dalili in lokaci ya yi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ranar gwaji. Mai duba motoci, wani siririn mutum da tocila a baki, ya kwanta ya bi waldar Baffa ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya tambayi wanda ya yi. Baffa ya ɗaga hannu. Mutumin ya gyaɗa kai kawai. Sai ya buɗe lagireto ya ga koren ruwa, ya ce a zubar. A filin tsere ruwa zalla ake sawa, domin maganin hana daskarewa in ya zube a kwalta santsinsa kamar kuɓewa. Yana cikin shafi na huɗu. Auta ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

Direba ya yi zagaye 30 a fita uku. Mafi saurinsa daƙiƙa 20.6, na gaba-gaba suna yin 19 da ɗan kai. Da ya fito ya ce, "Baba, tana ƙin kwana. Ina juya sitiyari, hancinta yana tafiya bango." Na ce da gudu yake shiga, ya ɗaga ƙafa da wuri. Na kuma ƙara masa da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Auta tana durƙushe a tayar gaba ta dama da ma'aunin zafi mai tsinke da ta aro. Wuri uku take sokawa a kowace taya. Ta rubuta: gefen waje 205, tsakiya 180, gefen ciki 155, a ma'aunin Amurkawa. Ta nuna mini. Na ce taya ai dole ta yi zafi.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Tseren farko, jiya.

Mun isa ƙarfe uku da motar a kan kurar da Baffa ya aro. Kowa sai ya sayi takardar shiga sansanin gyara, har Uwargida, wadda ta ce ita ba kallo ta zo ba. Maƙwabcinmu a sansanin wani tsohon Bature ne da jikansa. Hannunsa na dama yatsu huɗu ne. Ya dube mu, ya dubi motar, ya ce wa Direba ya ɗaura jan ƙyalle a bayanta don a san sabon shiga ne, ya miƙo masa tef.

Tsarin dare haka yake: taron direbobi, addu'ar fasto ta lasifika, taken ƙasa, sannan gajerun tseren share fage, sai babban tsere, wanda a rukuninmu zagaye 20 ne. Kowane direba yana da ƙaramar rediyo a kunne, yana jin alƙalai amma ba ya iya mayar da magana, mu kuma ba mu da hanyar yi masa magana sam. Wannan ya fi komai yi mini wuya. Shekara 19 ina gaya wa yaron nan abin da zai yi, jiya na tsaya a bayan waya ina ihu da Hausa ba mai ji sai tsohon nan.

Magariba ta faɗa tsakanin share fage da babban tsere. Muka shimfiɗa kwali a bayan kura muka yi salla, injuna suna ruri ta ko'ina. Jikan tsohon ya zo zai gifta ta gabanmu da taya, kakan ya riƙo masa riga.

Motoci 16 suka tashi, mu na 14. An saki koriyar tuta, kwanar farko kowa ya dunƙule wuri ɗaya kamar awaki a bakin rijiya. A zagaye na shida biyu suka juya, tutar rawaya ta fito, alamar kowa ya rage gudu. Direba ya bi ta ƙasa ya wuce lafiya. A na 17 na gaba suka cim masa, aka nuna masa shuɗiyar tuta mai ratsin rawaya, ya ba su hanya. Ya gama na 11, an riga shi da zagaye ɗaya, ba ko ƙwarzane. Kyautar da aka ba mu ba ta biya kuɗin shigar mutum biyu ba.

Uwargida a cikin motar gida ta zauna da carbi, gilasai a rufe. Da muka dawo ta ce, "Sau biyu suka rage gudu." Da kunne ta ƙirga. Daga nan ta buɗe kular shinkafa da wake, tunda gasasshen naman da ake tinƙaho da shi a Karolina ta Arewa na alade ne.

Asabar, 10 ga Mayu

Ruwa. Mun ɗora mota, mun yi tafiyar awa guda, mun zauna awa biyu, mun dawo.

Lahadi, 25 ga Mayu

Yau a Charlotte manya suna tseren mil 600. Mu jiya zagaye 20 ya gagare mu.

A na 12 na ga farin hayaƙi yana bin motar. Direba ya ce allurar zafi ta wuce 240 tun a na tara, amma yana matsayi na bakwai, ya ƙi fitowa. Gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Da na ciro lagireto na ɗaga shi a rana, haske ba ya ratsa shi: ɓarɓashin roba da tsakuwa sun toshe shi kaf. Motocin kowa suna da raga a gaba, tamu babu. Na yi wa yaron faɗa kan allura, faɗan da rabinsa nawa ne.

A hanyar gida ya sake cewa tana ƙin kwana, kuma don haka yake dannan totur fiye da kima a fita don ya rama abin da ya rasa a tsakiya. Na kunna rediyo.

Lahadi, 8 ga Yuni

Babbar sallah ta faɗo ranar Juma'a, jiya ba mu je ba. An kai kan inji an goge shi, sabon gaskit ya hau, raga ta hau. Direba ya kai wa tsohon maƙwabcinmu cinyar rago har gida. Ya dawo da tsofaffin rim biyu na ƙarfe masu kauri, da saƙo: a sa ɗaya a gaba dama, domin a da'irar da kullum hagu ake juyawa wannan ƙafar ce ke ɗaukar nauyin mota, kuma rim ɗin titi yakan yage ta wajen noti.

Lahadi, 22 ga Yuni

Zan rubuta wannan yadda ya faru, tunda don irinsa aka ba ni littafin.

Daren Alhamis, kowa ya kwanta, na ɗauki littafin Auta na karanta. Tun Afrilu lambobin abu ɗaya suke faɗa: gefen waje na tayar gaba dama ya fi na ciki zafi da wajen 50. Ma'ana a kwana tayar tana birkicewa ta taka da baki, ba da tafinta duka ba. Maganinsa a kishingiɗar da kanta ciki, ta yadda in nauyi ya hau ta sai ta zauna daidai. Wannan ko yaron gareji ya sani. Ni na ƙi gani ne don ba daga bakina ya fara fitowa ba.

Sai na ɗauki zarto na faɗaɗa ramin shokozoba, na tura kan tayar ciki da ido, na ɗaure. Ban auna ba, ban gaya wa kowa ba. Na so a ce hannun Baba ne.

Jiya motar ta zama wata dabba. Daƙiƙa 19.3. Daga na tara Direba ya riƙa cin su ɗaya-ɗaya ta ƙasa, ya gama na uku. Baffa ya ɗaga Auta sama, ni kuwa ina ta gyaran murya. Uku na farko akan kai su rumfar bincike. Mai tocila ya manna ma'auninsa a rim, ya duba, ya goge, ya sake mannawa. Dokar filin digiri 3 ce. Tamu 4.5. An soke sakamakon, ba maki, ba kuɗi, aka kuma faɗa ta lasifika.

Yaron bai ce uffan ba. Ya cire hula, ya ɗaure mota a kura shi kaɗai. Auta ce ta buɗe shafi na shida ta ajiye mini a cinya. Da daddare Uwargida ta ce, "Malam, sunansa aka kira a lasifikar, ba naka ba."

Da asuba bayan salla na ba shi haƙuri. Ban taɓa yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba," ya rasa inda zai sa idonsa, ni ma haka.

Laraba, 9 ga Yuli

Filin yakan buɗe da yammacin Laraba don gwaji. Mun mayar da taya digiri 3 cif, da ma'auni wannan karon, Auta ta sa hannu a littafi kamar ma'aikaciyar kwastan. Direba ya yi zagaye goma, ya ce ta gyaru amma har yanzu tana tura hanci a tsakiyar kwana. Na buɗe baki, sai ya cire hular ya miƙo mini. "Baba, shiga ka ji."

Ta taga ake shiga, ƙofofin a like suke. Cikina ya sha wuya. Suka ɗaure ni har numfashi ya yi mini kaɗan, kai ba ya juyawa, madubi ɗaya, zafi kamar gidan burodi. Daga waje filin yana da faɗi. Daga ciki bango ne kawai yake tahowa. Zagaye uku na farko ina bin ta a hankali, lafiya lau, har na fara cewa a raina yaron nan raki ne da shi. A na huɗu na bar ƙafata a totur daƙiƙa ɗaya fiye da da. Na juya sitiyari, ya yi sakwaf a hannuna kamar an zare masa laka. Tayoyi suna kuka, mota tana tafiya inda ta ga dama. Na ƙara juyawa, abin ya ƙaru. Sai da na saki totur hancinta ya dawo, bango yana kusa da ni har ina ganin fentin motocin da suka riga ni gaisawa da shi.

Na yi takwas na fito, gwiwoyina suna rawa. Auta ta karanta da ƙarfi, don tsohon maƙwabci ma ya ji: "Ashirin da uku da ɗigo huɗu." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na zauna a kan taya na ce wa Direba ya sake faɗa mini tun daga farko, a ina take farawa, a ina take saki.

Tsohon ya matso da kujerarsa. Ya ce motar da gaba ke ja, tayoyin gaba aiki uku suke yi, ja da juyawa da birki, don haka in gaba ya ƙi, a baya ake lallashinsa. A ƙara iska a tayar baya ta dama don bayan ya ɗan saki ya taimaka wajen juyawa, a rage ta gaba hagu don ta kama ƙasa. Geji biyu-biyu, abu ɗaya a kowace fita, a tambayi direba, a rubuta. Kafin duhu muka kai 19.4, ba tare da mun taka doka ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Alhamdu lillahi, yaron lafiyarsa ƙalau. Da wannan zan fara.

Sati biyu da suka wuce ya gama na shida. Jiya yana na huɗu a zagaye na 14, suna shiga kwana ta uku, na bayansa ya taɓa masa kusurwar baya ta hagu. Bayan motar, wanda muka sassauta da hannunmu, ya tafi. Motar ta juya, ta hau sama ta daki bango da gaba dama, ta dawo ƙasa, wata ta same ta a ƙofar direba. Jar tuta. Fili ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a wurin ba.

Doka ita ce direba in yana lafiya ya sauke ragar taga don masu ceto su gani. Na ƙirga a raina har bakwai kafin ragar ta faɗi.

Ban san lokacin da Uwargida ta fito daga mota ba. Na juya na gan ta a jikin waya, ba takalmi, carbin a hannu. Ta ce injuna ne suka mutu gaba ɗaya, ta san ba rawaya ba ce.

Ƙofar ta lotsa har ta manne da sandunan Baffa, sanda ɗaya ta ɗan lanƙwashe, walda ko ɗaya ba ta tsage ba. Baffa ya shafa su da hannu ya koma bayan kura, ya daɗe bai fito ba. Masu motar asibiti suka duba yaron, da safe kuma muka kai shi aka sake dubawa. Shatar bel a kafaɗu, wuya ya ɗan riƙe, shi ke nan.

Wanda ya taɓa shi yaro ne kamarsa. Direba ya fito da zafi zai nufi wurinsu, na riƙe shi. A filayen nan faɗa bayan tsere ba baƙon abu ba ne, Bowman Gray ma da shi ta yi suna, amma mu ba mu da wannan gatan. Can sai ga uban yaron ya zo, hula a hannu, ya ce laifinsu ne, kuma yana da mushen Cavalier a bayan gida, mu je mu kwance abin da muke so.

Asabar, 16 ga Agusta

Mako uku muna miƙe gaban motar. Ƙafar dama duka sabuwa daga mushen can: hannu, boris, shokozoba, sandar sitiyari. Baffa ya yanke sandar da ta lanƙwashe ya sa wata. Uwargida ba ta ce a daina ba. Ni na tambaye ta, ta ce wanda ya sha bugun shi za a tambaya.

Yau Auta ta ce a huta, ta sa muka tafi Danville a jihar Bajiniya, ƙasa da awa guda daga nan. Ta kai mu wani titi mai sunan Wendell Scott, inda aka kafa allon tarihi. A nan ta biya mana bashin lamba 34. Lambar motar Scott ce. Baƙar fata ne, bakanike, ya yi tuƙin tasi, ya yi kanikanci a soja lokacin yaƙin duniya na biyu. Da tsofaffin motoci da kayan kwance ya shiga babban rukunin NASCAR, 'ya'yansa maza ne ma'aikatansa, wani lokaci shi da kansa yake fitowa ya canza taya ya koma. Ranar 1 ga Disamba, 1963, ya ci tsere a Jacksonville ta jihar Fulorida, amma aka ba Buck Baker tuta da kofi. Sai bayan 'yan kallo sun watse aka ce an sake lissafi, Scott ne, har da ratar zagaye biyu. Ya rasu a 1990 bai riƙe kofin ba. A 2015 aka sa shi a zauren girmamawa na NASCAR, a 2021 aka miƙa wa iyalinsa kofi.

Na tsaya ina karanta allon, abin da ke raina shi ne rumfar bincike ta watan Yuni. Shi an hana shi abin da ya ci da gaskiya. Ni na ɗauki lambarsa na kai ta inda aka kira ta da maguɗi. Ban faɗa ba. Direba ya ɗauke mu hoto.

Lahadi, 14 ga Satumba

Daren rufe kaka. Tun da muka dawo ya yi na tara, ya yi na bakwai. Na lura a makon farko yana ɗaga ƙafa da wuri a kwana ta uku, daidai inda abin ya faru. Na gani, Auta ta gani a agogo, ba wanda ya ce masa komai. A mako na biyu ya daina da kansa.

Yanzu in ya fito daga share fage ni ne mai tambaya. Jiya ya ce rana ta faɗi, kwalta ta huce, ta fara kama ƙasa fiye da ɗazu, a ƙara geji ɗaya a baya dama. Ni biyu na so. Na sa ɗaya.

Motoci 18. Ya tashi na takwas, ya gama na biyar, bamba da bamba da jikan tsohon nan, wanda ya riga shi da tsawon bonet. Ba a kai na biyar rumfar bincike. Duk da haka na tura motar can da kaina na roƙi mai tocila ya manna ma'auninsa. Ya dube ni, ya manna. 2.9. Ya cire tocilar daga baki, karo na farko da na ga haƙoransa.

Uwargida ta kalli zagaye biyar na ƙarshe daga bakin waya, da ido ɗaya.

Asabar, 11 ga Oktoba

Auta ta kawo lissafi. Mota, keji, kayan jiki, tayoyi, fetur, kuɗin shiga, gyaran Mayu da na Yuli: dala 6,840. Abin da aka ba mu a duk kakar: 415. Ta ja layi biyu a ƙasa.

Kowa ya zaci za ta ce baɗi ita ma za ta tuƙa. Baffa har ya fara auna inda za a matso da kujera. Ta ce ita ba ruwanta da zama a cikin tanda. Sikeli take so, irin mai faranti huɗu da ake ɗora kowace taya a kai, don ta san nauyin da ke kan kowace ƙafa maimakon mu riƙa canka. Ta samo na hannu a wurin wani da ya daina tsere, dala 600, ta ce rabi daga kuɗin aikinta na hutu.

Sikelin ba ya faɗin gaskiya sai a daɓe mai daidai, garejinmu kuwa ya gangara wajen ƙofa. Yau da safe muka fitar da motar, muka share, muka cika tiyo mai haske da ruwa irin na magina. Direba yana riƙe da kai ɗaya, ni ɗaya, Auta tana bin kusurwoyi da alli. Gaba dama ta yi ƙasa da kusan rabin inci. Baffa zai kawo fale-falen ƙarfe ranar Talata.